Dillancin ɗalibai: yadda ake yaudarar masu neman gurbin karatu, da wanda ke biyan kuɗin yaudarar

Cikin 'yan watanni, daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, ƙasashe uku da ke kan gaba wajen karɓar ɗaliban waje suka tsuke ƙofofinsu. Kanada ta ƙayyade yawan izinin karatun da za ta bayar a 2024, ta rage shi da kusan kashi 35 cikin 100, sannan ta ninka kuɗin zaman ƙasa da ɗalibi zai nuna yana da shi, daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635. Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyalansu. Ostireliya ta sanar da cewa za ta haramta biyan la'ada ga ejan da ya janye ɗalibi daga wata makaranta ya kai shi wata bayan ya riga ya shiga ƙasar. Kowace gwamnati na da nata lissafin siyasa, musamman kan yawan baƙi da tsadar gidajen haya, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: akwai masu cin kasuwarsu da ɗalibai ta hanyar yaudara.

Abin da ya ɗaure wa iyaye da ɗalibai kai shi ne ba a fito fili an ce ga mai yaudarar ba. Makarantar ce, ko ejan, ko kuwa ɗalibin ake zargi? In kuma ɗalibi aka cuta, me ya sa shi sababbin dokokin suka fi matsa wa? Kafin a kai ga amsa sai an koma baya, domin matsalar ta girmi zancen biza. Inda ma aka fi bin diddiginta, 'yan ƙasa ne aka cuta a cikin ƙasarsu.

Me ake kira yaudara a nan?

Talla ba laifi ba ne. Jami'ar da ta buga hoton ginin da ya fi kyau a harabarta, ta ce nan ne makomarka take, ba ta karya dokar kowa ba. Ma'aunin da hukumomin kare haƙƙin masu saye ke amfani da shi a ƙasashe da dama kusan ɗaya ne: shin an faɗi wani abu, ko an ɓoye wani abu, da zai sa mai hankali ya yanke shawarar da ba zai yanke ba da ya san gaskiya? Ɓoyewa ma tana cikin lissafi. Wanda ya ce maka kwas ɗin jinya ne, bai faɗa maka hukumar ma'aikatan jinya ba ta amince da shi ba, ya yaudare ka ko da kowace kalma da ya furta gaskiya ce.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa, kuma a cikin cakuɗawar ake cin mutane. Rajista na nufin hukuma ta san da zaman makaranta, wani lokaci ma rajistar kamfani ce kawai irin ta kowane ɗan kasuwa. Tantancewa na nufin wata hukuma da aka yarda da ita ta duba malamai da kayan aiki da manhaja, ta ce sun kai mizani. Amincewar hukumar sana'a kuma ita ke ba wanda ya gama damar zama likita ko lauya ko injiniya. Makaranta na iya samun na farko ba ta da na biyu, tana iya samun na biyu a wani kwas ba ta da shi a wani. Idan mai neman ɗalibai ya ce "gwamnati ta amince da mu", tambayar ita ce wace hukuma, kuma a kan wane kwas.

Makarantun bogi, waɗanda ke sayar da takarda ba tare da karatu ba, su suka fi yin amo a labarai. A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo kamfanin Axact na birnin Karachi a Pakistan, wanda ke gudanar da ɗaruruwan shafukan intanet na jami'o'in da babu su. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya wallafa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo a Janairun 2024. Sai dai a irin wannan ciniki sau da yawa mai saye ya san abin da yake saye. Yaudarar da ta fi faɗi, ta fi wuyar ganewa, ita ce wadda makaranta ta gaske, mai gini da malamai da lasisi, ke yi ko ake yi da sunanta.

Kuɗin kai: inda abin ya samo tushe

Duk wanda ya bi tarihin wannan matsala zai tarar da abu ɗaya yana maimaita kansa: ana biyan mai kawo ɗalibi gwargwadon yawan kawunan da ya kawo, ba gwargwadon yawan waɗanda suka gama ko suka samu aiki ba. Daga nan sauran ke biyowa.

Amurka ce ta fi daɗewa tana kokawa da shi. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnati ta fara biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu a ƙarƙashin dokar 1944, makarantun sana'a na je-ka-na-yi-ka suka yi ta ɓullowa don kwasar kuɗin. A 1992 majalisar dokokin ƙasar ta haramta wa duk makarantar da ke karɓar tallafin tarayya ta biya ma'aikacinta lada bisa yawan ɗaliban da ya shigar. A 2002 aka buɗe wasu kafofi a cikin dokar, sai aka sake toshe su a 2011. A tsakanin waɗannan shekarun ne kwalejojin 'yan kasuwa, waɗanda kamfanoni ke gudanarwa don riba, suka yi bunƙasar da ba a taɓa gani ba.

Kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Tom Harkin ya shafe shekara biyu yana binciken kamfanoni 30, ya fitar da rahoto a 2012. Ya gano cewa a 2009 sun kashe kusan kashi 23 cikin 100 na kuɗin shigarsu a kan talla da neman ɗalibai, koyarwa kuwa kashi 17. A 2010 suna da ma'aikatan farautar ɗalibai sama da 35,000, masu taimaka wa waɗanda suka gama su samu aiki kuwa wajen 3,500 ne. Wato duk mai tura mutum ciki goma, mai fitar da shi zuwa aiki ɗaya.

Takardun horar da ma'aikata da kwamitin ya samo sun nuna yadda ake hirar. A kamfanin ITT Tech an koyar da ma'aikata jerin tambayoyi da ake bi mataki-mataki don a taɓo wa mutum inda ke masa ciwo. Za a tambaye shi aikin da yake yi, sai yaushe rabon da a ƙara masa albashi, sai yaya yake ji in ya kasa saya wa 'ya'yansa abin da suke so, sai tun yaushe yake cikin wannan hali, sai ko ya haƙura ke nan. Idan ransa ya sosu, sai a miƙa masa takardar sa hannu. Mutumin da ya zo a matsayin mai ba da shawara kan karatu, a zahiri ɗan talla ne da aka ɗora wa adadin da zai cike a mako. A ƙarar da Kamala Harris ta shigar kan kamfanin Corinthian Colleges a 2013, lokacin tana babbar lauyar jihar Kalifoniya, an gabatar da takardun cikin gida da ke siffanta mutanen da ake nema: masu zaman kaɗaici, masu gajen haƙuri, waɗanda ba su ɗauki kansu a bakin komai ba, waɗanda ba su da masu kula da su sosai.

Ba Amurka kaɗai ba. A Ostireliya, da aka sassauta tsarin rancen karatun sana'a, bashin da ake ɗauka a shekara ya tashi daga dalar ƙasar miliyan 325 a 2012 zuwa biliyan 2.9 a 2015. Dillalai suka riƙa bi gida-gida a unguwannin talakawa da ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, suna raba kwamfutar tafi-da-gidanka kyauta ga duk wanda ya sa hannu. Da yawa ba su san sun ci bashi ba, wasu ba su taɓa buɗe darasi ko ɗaya ba. A ƙarshen 2016 aka soke tsarin. A Ingila kuma, hukumar binciken kuɗin gwamnati ta bayyana a Janairun 2024 cewa kwalejojin da ke koyarwa da sunan wata jami'a bisa yarjejeniya, duk da ɗalibansu ba su wuce kashi 6.5 na masu karɓar rance ba, su ke da kashi 53 na kuɗin zambar da aka gano a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023.

Wasa da alƙaluma

Ƙaryar da ta fi tasiri ita ce wadda ta zo da lamba, domin lamba na kama da hujja.

Jami'ar DeVry ta daɗe tana tallar cewa kashi 90 cikin 100 na ɗalibanta masu neman aiki na samun aiki a fanninsu cikin wata shida da gamawa. Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta duba yadda aka haɗa lissafin, ta tarar an ƙirga waɗanda tun kafin su shiga makarantar suke riƙe da aikinsu, an kuma ƙirga mai digirin harkar kasuwanci da ke raba abinci a gidan cin abinci a matsayin wanda ke aiki a fanninsa. A 2016 jami'ar ta amince ta biya dala miliyan 100. A wani reshen Corinthian, biyan kamfanoni aka riƙa yi su ɗauki waɗanda suka gama aiki na ɗan gajeren lokaci, daidai yadda za a rubuta su a cikin masu aiki, daga nan a sallame su. Ma'aikatar ilimi ta ci wani reshen kamfanin, Heald College, tarar dala miliyan 30 a Afrilun 2015 kan ƙaryar alƙaluman samun aiki, kuma kafin watan ya ƙare kamfanin ya rufe sauran makarantunsa. Jami'ar Phoenix ta biya dala miliyan 191 a 2019 saboda tallace-tallacen da suka nuna kamar tana da haɗin gwiwar samar da aiki da kamfanoni irin su Microsoft da AT&T. Irin wannan sulhu, ya kamata a lura, yawanci ana yin sa ne ba tare da makaranta ta amsa laifi ba.

Kada a ɗauka ƙananan makarantu ne kawai. A 2022 wani farfesan lissafi a jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya nuna cewa bayanan da jami'arsa ke aika wa mujallar da ke jera jami'o'in Amurka ba su yi daidai da gaskiya ba. Jami'ar ta amsa cewa wasu alƙaluman kuskure ne, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Shugaban makarantar kasuwanci ta jami'ar Temple, Moshe Porat, ɗaurin wata 14 aka yanke masa kan ƙirƙirar alƙaluman da suka ɗora wani kwas ɗinsu a matsayi na ɗaya. A Birtaniya, hukumar sa ido kan tallace-tallace ta umarci jami'o'i shida a 2017 su janye wasu iƙirari, har da na jami'ar Leicester cewa tana cikin kashi 1 na sama a duniya.

Sai batun "tallafi". Ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya gano a 2022 cewa kusan kashi 91 cikin 100 na kwalejoji ko dai ba sa rubuta ainihin kuɗin da ɗalibi zai biya a wasiƙar tayin tallafi, ko suna rage shi. Wasu na jera rance da kyauta wuri ɗaya kamar duk abu guda ne. A kasuwar ɗaliban waje dabarar ta fi haka sauƙi: a ɗaga farashi a takarda, a ce an ba ka tallafin rabi, alhali kowa ma rabin yake biya, kuma ba a haɗa da masauki da inshora da kuɗin rajista na kowane zango ba.

Da abin ya ƙetare iyaka

A shekarar 2000 ɗaliban da ke karatu a wajen ƙasashensu ba su wuce kusan miliyan 2 ba. Yanzu sun haura miliyan 6. Sha'awar karatu na cikin dalilan, amma akwai kuma buƙatar jami'o'in kansu. A Ingila kuɗin da ɗan ƙasa ke biya ya tsaya a fam 9,250 tun 2017 har zuwa 2025, kaya kuwa na ta tsada. A lardin Ontario na Kanada an rage kuɗin 'yan ƙasa da kashi 10 a 2019, aka kuma hana ƙarawa. Kuɗin baƙo ba shi da irin wannan iyaka. Mai binciken kuɗi na lardin ya ruwaito a 2021 cewa baƙi, waɗanda ba su wuce kashi 30 na ɗaliban kwalejojin gwamnati ba, su ke kawo kashi 68 na kuɗin makaranta. Makarantar da albashin malamanta ya rataya a kan baƙi ba za ta cika tsananta tambayar yadda aka kawo su ba.

Ejan ne ke kawo su. La'adarsa galibi tsakanin kashi 10 zuwa 20 ce na kuɗin shekarar farko, wasu makarantun da ba su da farin jini kan biya fiye da haka. Nan ne gizo ke saƙar: makarantar da ta fi buƙatar ɗalibai ita ta fi biya, don haka ita ejan zai fi yabawa. Ɗalibi na ganin ya samu mai ba shi shawara, wani lokaci ma ya biya shi kuɗin hidima, bai san ana biyan mutumin ta ɗaya gefen ba. Dillalin da ke karɓar la'ada a hannun mai saye da mai sayarwa, kowa ya san ba don Allah yake yaba kaya ba. Bambancin kawai shi ne a nan mai sayen bai san dillali ne a gabansa ba. Dokar Amurka ta 1992 ma ba ta shafi ɗaliban waje ba, tunda ba sa cin tallafin tarayya.

Sarƙar kuma ta yi tsawo. Jami'a na da yarjejeniya da babban kamfani, kamfanin na da dubban ƙananan ejan-ejan da ke shigar da takardu ta manhajarsa, ƙaramin ejan na da nasa yaran da ke nemo mutane a Facebook da WhatsApp, wani lokaci tsofaffin ɗalibai ne da ake rage wa kuɗin makaranta in sun kawo wani. Wanda ya yi wa ɗalibi alkawarin cewa aikin sa'o'i kaɗan zai biya masa kuɗin makaranta da haya, ko cewa takardar zama ta dindindin tabbas ce, mai yiwuwa jami'ar ba ta taɓa jin sunansa ba. Korafe-korafen da suka sa hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye kan Arewacin Cyprus a 2020 sun fito ne daga yankin da irin wannan sarƙa ta yi ƙarfi, inda ɗalibi kan iso yana zaton ya shigo Tarayyar Turai, ya tarar yanki ne da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa.

Shari'ar da ta fi fito da siffar abin ita ce ta ɗaliban Indiya a Kanada. Wani ejan a garin Jalandhar na jihar Punjab, Brijesh Mishra, ya riƙa haɗa wa ɗalibai takardun neman biza da wasiƙun samun gurbi daga sanannun kwalejoji. Biza ta fito, jami'an filin jirgi suka duba takardu suka bar su suka shiga. Bayan sun sauka sai a kira su a ce gurbin ya cika, ko a ce a jira wani zangon, ko a nemi wata kwaleji. Suka nemi wasu kwalejojin, suka biya, suka gama karatu, suka fara aiki. Sai bayan shekaru, da suka nemi takardar zama ta dindindin, aka sake duba fayil aka gano wasiƙar farko jabu ce. A 2023 takardun kora suka fara isowa, kafofin labarai na cewa waɗanda abin ya shafa sun kai 700. Bayan zanga-zanga gwamnati ta dakatar da korar, ta kafa kwamitin duba kowane fayil shi kaɗai. An kama Mishra a Kanada, ya amsa laifi a 2024, aka yanke masa shekara uku. Daga 1 ga Disamban 2023 Kanada ta wajabta wa makarantu su tabbatar da kowace wasiƙa kai tsaye ga hukumar shige da fice, kuma cikin shekara guda aka ware sama da 10,000 da ba su yi daidai da bayanan makarantun ba.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu kare haƙƙin ɗalibai na ganin tun da la'adar kai ce tushen matsalar, ko dai a haramta ta, ko a tilasta bayyana wa ɗalibi nawa aka biya a kansa, sannan a ɗora wa makaranta alhakin duk abin da wakilinta ya faɗa. Ostireliya ta bi wani ɓangare na wannan hanya a ƙarƙashin dokarta ta 2000 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta: dole makaranta ta yi rubutacciyar yarjejeniya da ejan, ta wallafa sunayensu, ta kuma rabu da wanda aka kama da rashin gaskiya.

Jami'o'i da ƙungiyoyin ejan-ejan na cewa yawancin wakilai aikin gaskiya suke yi, kuma yaron da babu wanda ya taɓa fita waje a danginsa ba zai iya ratsa tsarin neman gurbi da biza shi kaɗai ba. A ganinsu, in aka hana makaranta biya, ejan zai koma karɓa daga aljihun ɗalibi, a wurin da babu mai sa ido. Wannan hujja ce ta sa ƙungiyar jami'an ɗaukar ɗalibai ta Amurka ta sassauta matsayinta a 2013, ta yarda a yi aiki da masu la'ada a ƙasashen waje bisa sharuɗɗa. Hujjar na da ƙarfi ta fuskar buƙatar ɗalibi, amma ba ta amsa tambayar dalilin ɓoye adadin la'adar ba.

Kwalejojin 'yan kasuwa a Amurka na da tasu kariyar: su ke karɓar magidanta da masu aiki da tsofaffin sojoji da manyan jami'o'i ba su damu da su ba, don haka bai dace a gwada sakamakonsu da na makarantun da ke zaɓar zaƙaƙurai ba. Suna kuma tuna wa mutane cewa rahoton GAO na 2010, wanda ya ce duka kwalejoji 15 da jami'ansa suka shiga a ɓoye sun faɗi abin da ke ɓatar da mutum, sai da aka yi masa gyare-gyare bayan 'yan watanni. Gaskiya ne an yi gyaran, ko da yake ofishin bai janye sakamakonsa ba. Siyasa ma ta shiga: dokar da ke auna bashin ɗalibai da albashin da suke samu, gwamnatin Obama ta kafa ta, ta Trump ta soke ta a 2019, ta Biden ta dawo da ita a 2023.

Tambaya mafi ɗaci ita ce ta ɗalibin kansa. Hukumomin shige da fice na cewa wasu sun san sarai abin da suke saye, aiki suke nema, karatun lulluɓi ne. Don tabbatar da haka hukumar shige da fice ta Amurka ta kafa jami'ar bogi da kanta, Jami'ar Farmington a jihar Michigan, ba aji ba malami, ɗaruruwan ɗalibai suka yi rajista kafin a tona a Janairun 2019. Gwamnati ta ce duk wanda ya biya kuɗi bai taɓa shiga aji ba ya san abin da ake ciki. Lauyoyin ɗaliban suka ce sunan makarantar na cikin jerin waɗanda gwamnati ta amince da su, to ina ɗalibi zai duba da ya wuce nan? Akwai masu gaskiya a kowane ɓangare, kuma doka ba ta da sauƙin hanyar rarrabe wanda aka ruɗa da wanda ya rufe ido da gangan.

Abin da ke faɗowa kan talaka

Makaranta kan biya tara ta ci gaba, ko ta rufe masu hannun jari su koma wata harka. Ejan kan canja suna da ofis. Amma biza da bashi da shekarun da suka tafi duk da sunan ɗalibi suke. A Kanada, gabatar da takardar ƙarya na jawo haramcin shiga ƙasar na shekara 5, a Birtaniya yaudara a neman biza na iya jawo shekara 10, kuma cewa "ejan ne ya cike mini" ba kasafai take wanke mutum ba, tunda shi ya sa hannu. Wanda makarantarsa ta rufe kuma yakan tarar darussan da ya ci ba su da daraja a wani wuri: GAO ta ƙiyasta a 2017 cewa masu komawa kwalejin gwamnati daga ta 'yan kasuwa na asarar kusan kashi 94 na makin darussan da suka tara.

Ana samun diyya, amma a makare. A Yunin 2022 gwamnatin Amurka ta yafe bashin dala biliyan 5.8 ga tsofaffin ɗaliban Corinthian 560,000, shekara bakwai bayan rushewar kamfanin. Bayan wata biyu ta yafe biliyan 3.9 ga ɗaliban ITT Tech 208,000. Masu biyan haraji ne suka ɗauki nauyin. Ɗalibin waje ba shi da irin wannan mafita, domin kuɗinsa ba rancen gwamnati ba ne. Na iyaye ne, sau da yawa daga kadarar da aka sayar ko bashin da aka ci a gida, kuma kuɗin kafin alƙalami da ya tura ba lallai a dawo masa da shi ba in an hana shi biza.

Sababbin dokokin sun toshe wasu ramuka na gaske. Wasiƙar jabu ta yi wuyar wucewa a Kanada yanzu, kuma ƙasashen da suka fi karɓar baƙi duk suna wallafa jerin makarantun da ke da izinin ɗaukarsu, wanda kowa zai iya dubawa a shafin gwamnati ba tare da ejan ba. Haka nan ofishin ɗaukar ɗalibai na kowace jami'a na iya tabbatar da wasiƙa ko sunan wakili in aka rubuta masa kai tsaye, hukumar sana'a ta ƙasar da mutum zai dawo ya yi aiki kuma ita ce mai cewa ko za ta karɓi takardar. Amma ƙayyade adadi da ƙara kuɗin shaida ba sa bambance mai gaskiya da maƙaryaci. Sun fi fitar da mai ƙaramin ƙarfi daga layi, sun kuma buɗe wata kasuwar: masu ba da aron kuɗi a zuba a asusu na 'yan makonni don a nuna wa ofishin jakadanci, wanda shi ma yaudara ce da ɗalibi zai amsa laifinta in an gano. Kwalejojin Ontario da dama sun rufe kwasa-kwasai sun sallami ma'aikata bayan raguwar baƙi, abin da ya shafi 'yan ƙasa ma. Ejan-ejan kuwa sun karkata ga ƙasashen da dokokinsu ba su kai haka tsauri ba.

Babban gibin da ya rage na hurumi ne. Ƙasar da ke karɓar ɗalibi na iya hukunta makarantarta, amma hannunta bai kai ga ofishin da aka yi alkawarin a wata nahiya ba. Ƙasar da ɗalibi ya fito na da hurumin, sai dai ba kowace ce ke da dokar lasisin ejan ba, kuma inda ake da ita ma aiwatarwa wani abu ne daban. Jihar Punjab na da dokar da ta wajabta wa irin waɗannan wakilai lasisi tun 2012, kuma daga can ɗin wasiƙun Jalandhar suka fito. Mishra ya shiga hannu ne saboda ya taka ƙasar Kanada da ƙafarsa.